Shugaban Gwamnatin Birnin Meksiko: Ina Ikonsa Ya Tsaya?

Masu kallo, a tsakiyar Birnin Meksiko akwai wani makeken dandali da ake kira Zócalo. Ta gabas fadar shugaban ƙasa ce, ta kudu kuma tsohon ginin da ofishin shugaban gwamnatin birnin yake ciki, kuma mai tafiya a ƙasa zai tashi daga wannan ya isa wancan cikin 'yan mintuna. Wannan maƙwabtaka ce ta daɗe tana takura wa duk wanda ya hau kujerar.

Daga ƙarshen shekarun 1920 har zuwa 1997, mazauna birnin ba su da ta cewa game da wanda zai shugabance su, domin shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, ya kuma sauke shi ranar da ya ga dama. Sai a 1997 aka ba su damar kaɗa ƙuri'a, suka zaɓi ɗan adawa Cuauhtémoc Cárdenas. A yau wa'adin shekara shida ne, kuma babu tazarce.

Wanda aka zaɓa shi ne ke naɗa muƙarrabansa, ya gabatar wa majalisar dokokin birnin kasafin kuɗi da ƙudurori, ya kuma sa hannu a kan dokokinta. Jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da ruwan sha na mutane fiye da miliyan tara duk suna wuyansa, yayin da ƙananan hidimomin unguwanni suke hannun zaɓaɓɓun shugabannin gundumomi 16.

Inda lamarin ya fi ɗaukar hankali shi ne 'yan sanda. Ko bayan da aka fara zaɓe, shugaban tsaron birnin ba ya kama aiki sai da amincewar shugaban ƙasa. An ga illar hakan a 2004, lokacin da wasu fusatattun mutane suka kashe jami'an tarayya biyu a yankin Tláhuac, Shugaba Vicente Fox ya tsige shugaban tsaron birnin, Marcelo Ebrard, alhali wanda jama'a suka zaɓa, Andrés Manuel López Obrador, yana kan kujerarsa. A ganina wannan tsari bai yi wa kowa adalci ba, domin wanda talakawa za su tuhuma kan rashin tsaro ba shi ne ke riƙe da wuƙa da nama ba. Gyaran tsarin mulkin ƙasar na 2016 ne ya miƙa wa shugaban gwamnatin birnin ikon naɗa shugaban tsaro, birnin kuma ya samu nasa kundin tsarin mulki a 2017.

López Obrador da Claudia Sheinbaum duk sun riƙe wannan kujera kafin su tsallaka dandalin su shiga fadar shugaban ƙasa. Clara Brugada, wadda ta karɓi ragama a watan Oktoban 2024, ta gaji ofis mai ƙarfi fiye da na da, sai dai har gobe majalisar tarayya ce ke ƙayyade yawan bashin da birnin zai iya ciyowa kowace shekara.