Sabuwar kwamfutar hannu, cike da baƙin da ban gayyata ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau kam raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da muryata. Ku dubi allon nan da kyau. Kwamfutar hannu ce, wato tablet mai Android, sabuwa dal, jiya na ɓare ledarta, Yuro 179, ko kan caja babu a kwalin, sai da na ƙara 15. Ban saka mata komai ba. Amma ku ƙirga da ni: wasan haɗa alewa, wasan gina gari, manhajar sayayya har biyu, burauza biyu, ga wata ta labarai da ta fara turo sanarwa da Jamusanci tun kafin asuba. Goma sha huɗu na ƙirga. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don masu araha da yawa haka suke. Biyansu ake yi su cusa waɗannan tarkacen, shi ne ke rage farashin, kai kuma ka biya sauran da datarka da batirinka.

Na'urar nan gida za ta, wurin Hajiya, don sauraren karatu da kiran bidiyo. A nan Hamburg intanet ɗin gida kuɗin wata ne, ka sha iya shanka. Can kuwa data da awo ake sayenta kamar gero a mudu, kuma manhajar da ba a taɓa buɗewa ba tana nan a ɓoye tana sabunta kanta. To bari mu yi shara.

Manhajojin nan kashi uku ne, kowanne da maganinsa. Na farko masu sauƙin kai. Ka ɗora yatsa a kan alamar ka danne, sai ka ga Uninstall, ka taɓa, shi ke nan. Ku lura, Remove daban ne, wannan daga fuskar allo kawai yake kawar da ita, tana nan daram a ciki. Mutane da yawa a nan suke yaudarar kansu. Wasannin nan duk ta haka suka fita, tara cikin sha huɗu.

Kashi na biyu su ne waɗanda aka gina cikin tsarin na'urar. Idan ka shiga saitin, ka buɗe Apps, ka zaɓi ɗaya, ba za ka ga Uninstall ba, Disable za ka gani, wato kashewa. Kada ka yi garajen dannawa. Fara da Force stop. Sannan ka shiga Storage ka goge bayananta. Sannan ɗigo ukun nan na sama, ka zaɓi Uninstall updates, ta koma yadda ta fito daga masana'anta. Sai ka kashe ta. Dalili kuwa, sabuntawar da ta sauko ita ce mai nauyi, wata takan haura megabait 200, kuma ita da bayanan da ka goge ne kaɗai wurin da za ka iya ƙwatowa. Manhajar da aka kashe ba ta tashi, ba ta cin data, ba ta turo sanarwa, kuma ranar da ka neme ta Enable kawai za ka danna. Ni a ganina yawancin mutane a nan ya kamata su tsaya.

Akwai wata muguwa da nake so ku farauta. Ka goge wasanni yau, jibi ka ga sababbi sun tsiro. Ba aljani ba ne. Wata manhaja ce a ɓoye, aikinta ke nan ta riƙa sauko da "shawarwari". A cikin Apps, taɓa ɗigo uku ka ce a nuna maka na tsarin ma, Show system. Sannan ka buɗe ɗaya daga cikin wasannin da suka tsiro, ka gangara ƙasa can, sau da yawa ana rubuta wace manhaja ce ta girka shi. Ita za ka kashe. In ka sare reshe ka bar saiwa, damina ɗaya ya ishe ta.

Wai kun san masu iPad a nan Tarayyar Turai har Safari, burauzar Apple, suna iya gogewa yanzu? Dokar da ta fara aiki a kan manyan kamfanonin fasaha a watan Maris na 2024 ce ta jawo haka. Tun 2016 ma Apple ya bari a cire wasu manhajojinsa. To amma kuɗinta ya ninka na wannan har da ɗori, ni kuwa haya na jirana ƙarshen wata. Ga shi ƙarfe huɗu da rabi duhu ya rufe gari, ina zaune da rigar sanyi biyu ina tuna shayin mai shayi da ƙosai mai zafi. Bari dai mu ci gaba.

Idan na hannu ka saya, wato wadda wani ya yi amfani da ita, ka ga maɓallin Uninstall ya yi fari ba ya dannuwa, duba sashen tsaro a saitin, wurin Device admin apps. Cire alamar da ke gaban manhajar, sai ta goge. Amma idan na'urar ta rubuta cewa wata ma'aikata ce ke kula da ita, to ta kamfani ce ko ta makaranta, ko bashi ake bin ta. Mayar wa mai ita ka karɓi kuɗinka.

Kashi na uku su ne masu taurin kai, ba gogewa ba kashewa. Su sai da kwamfuta da wani ɗan kayan aiki na Google mai suna ADB. Kyauta ne, yana cikin fakitin Platform-Tools a shafin masu haɗa manhajar Android. A can kaɗai za ka sauke shi, kada ka ɗauko a wani lungun intanet.

A kwamfutar hannun, shiga About tablet, nemi Build number, ka taɓa shi sau 7 a jere. Za ta nemi lambar sirrinka, sai sabon sashe ya bayyana, Developer options. A ciki ka kunna USB debugging. Jona ta da kwamfuta, ka buɗe baƙin allon rubuta umarni a cikin jakar da ka sauke, ka rubuta:

adb devices

Saƙo zai fito a allon na'urar yana tambaya ko ka yarda da wannan kwamfutar, ka ce eh. In ka ga an rubuta unauthorized, ba ka amsa saƙon nan ba ne. In kuwa ba ka ga komai ba sam, kafin ka zargi kwamfuta canza igiya. Igiyoyin araha da yawa na caji ne zalla, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsu. Mai Windows kuma wani lokaci sai ya girka direban na'urar, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta.

ADB bai san sunan da kake gani a allo ba, sunan asali ya sani. YouTube misali a wurinsa com.google.android.youtube ne. Don ganin na tsarin gaba ɗaya:

adb shell pm list packages -s

Jerin zai yi tsawo, ɗaruruwa ne, kada ka firgita. Hanya mai sauƙi, buɗe shafin manhajar a Play Store ta burauza, abin da ya biyo bayan id= a adireshin shi ne sunanta. Sai ka fara da kashewa, ka saka wannan sunan a gurbin sunan.manhajar:

adb shell pm disable-user --user 0 sunan.manhajar

Ka bar na'urar kwana biyu, ka kashe ka kunna, ka gwada kyamara, sauti, kira, Wi-Fi. In lafiya lau kuma kana son ta ɓace daga jerin gaba ɗaya:

adb shell pm uninstall -k --user 0 sunan.manhajar

In ka yi kuskuren cire ta, wannan ke dawo da ita:

adb shell cmd package install-existing sunan.manhajar

Don Allah ka ɗauki biro da takarda ka rubuta duk sunan da ka taɓa. Ɗaya bayan ɗaya, ba goma a lokaci guda ba, don in abu ya lalace ka san wa ya jawo.

Ga gaskiyar da masu bidiyon "ƙara gigabait 10" ba sa faɗa. Wannan umarnin ba ya fitar da manhajar daga na'urar. Asalinta na kwance a wani ɓangaren ma'ajiya da ba a rubutu a cikinsa, kai dai an ɗauke ta ne daga gabanka. Shi ya sa take dawowa da layi ɗaya. Ribarka data ce da batiri da kwanciyar hankali, wuri kuwa kaɗan ne. Masu cewa a yi rutin, wato a buɗe tsarin na'urar don samun cikakken iko a kanta, ni ban ba ka shawara ba. Buɗe makullin tsarin da rutin ke buƙata yana share komai, kuma manhajojin banki da yawa sukan ƙi aiki bayan haka.

Yanzu ku saurara, nan ne ake kuka. Kada ka taɓa com.android.systemui, shi ne sandar sama da maɓallan ƙasa da allon kullewa. Kada ka taɓa Google Play services, com.google.android.gms, sanarwar manhajoji da yawa da shiga asusu duk a kansa suke. Ka bar Android System WebView, ka bar mai girka manhajoji, ka bar fuskar gida, wato manhajar da ke jera alamomi a allo, sai in ka riga ka saka wata. Allon rubutu kuwa, wato keyboard, wayyo. Ka cire shi alhali makullinka na haruffa ne, ka kashe na'ura ka kunna, ta ce rubuta kalmar sirri, babu abin rubutawa. Duk sunan da ba ka gane ba, bar shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, wata 'yar manhaja mai suna kamar shara ita ce ke riƙe da Bluetooth ɗinka.

In ta kai ga na'ura na ta juyawa a kan tambarin kamfani ba ta shiga, sai ka kashe ta, ka danne maɓallin wuta da na ƙara sauti tare, a yawancinsu ke nan, ka yi mata wankin masana'anta daga can, wato factory reset mai share komai. Hotuna sun tafi. Kuma da ta tashi za ta nemi asusun Google ɗin da ke kanta a da, in ka manta kalmar sirrinsa ka shiga uku. Saboda haka kwashe kayanka tukuna kafin ka fara.

Wanda ba shi da kwamfuta, daga Android 11 zuwa sama akwai Wireless debugging, ana haɗa shi da manhajar Shizuku da wata mai suna Canta a yi aikin a kan na'urar kanta. Haɗarin iri ɗaya ne, sauƙin dannawa ma ya sa ya fi.

Saura gyaran ƙarshe kafin ta shiga jaka. Na kashe USB debugging. A Play Store na sa sabuntawa ta zama ta Wi-Fi kaɗai, na kunna Data Saver. Sai abin da ya fi kama masu aika kaya gida: ka gama shara tsaf, sannan ka ce bari ka yi mata wankin masana'anta don sunanka ya fita. Duk baƙin nan sha huɗu za su dawo, har da mai gayyato su. Abin yi shi ne ka shiga Accounts ka cire asusunka kawai, ka saka na mai ita. Kuma a gaya wa yaran gida, in ta ɗan yi nauyi kada a ruga kasuwar waya ta Farm Centre a ce a yi mata fomatin, a kira ni tukuna. Bayan kowace babbar sabuntawar tsarin ma a leƙa Apps, wasu kan farfaɗo.

Af, cajar nan mai ƙafa biyu zagayayyu ce irin ta Jamus, soket ɗin ɗakin Hajiya mai ƙafa uku ne. Gobe Lahadi, shagunan garin nan duk a rufe, sai Litinin in nemo adafta.