Tsohuwar jarida a gindin tumatir

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mutanen Zazzau. Gaisuwa daga nan Ingila. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, yau garin ba dama.

Kun ga tarin jaridar nan? Metro ce, wadda ake ɗauka kyauta a tashar jirgin ƙasa. Wani tsoho da muke maƙwabtaka a lambu ya nuna mini amfaninta, tun daga nan bayana ya huta da cirar ciyawa.

Ku duba. Na riga na nome wurin, na ba shi ruwa ya sha sosai. Sai in shimfiɗa falle biyar ko shida, bakin wannan ya hau kan na wancan, don ciyawa kafa kaɗan take nema ta leƙo. Gindin tumatirin kuwa ina bar masa sarari kamar faɗin tafin hannu, kada laima ta ruɓar da shi. In jiƙa takardar sharkaf, sannan in rufe da busasshiyar ciyawa. Hasken rana ba ya kai wa ƙasa, don haka ciyawa ba ta samun tashi, danshi kuma ya daɗe. Kafin shekara ta zagayo takardar ta ruɓe, ta koma ƙasa. Amma ban da mujalla mai sheƙi, ita ba ta shan ruwa.

To, ga bidiyon da ƙanwata ta turo mini daga gidanmu a Tudun Wada, Zariya. Da na ce su gwada a kan attaruhu da alayyafon bayan ɗaki, Inna dariya ta yi. Ta ce, “Kai ɗan nan, jarida ai ta mai tsire ce da mai ƙosai.” A garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wai yau sai an bi layi da mai tsire kafin a samu tsohuwar jarida!

Sharaɗi ɗaya Inna ta kafa, kuma ta fi ni gaskiya: a duba kowane shafi, duk mai ɗauke da aya ko sunan Allah a ware shi. Ga ta nan kan tabarma da tabarau tana tantancewa da kanta.

Kwana biyu da shimfiɗawa iskar hunturu ta kwashe rabi, ta watsa gidan maƙwabta. Laifina ne, na manta ban ce a danne ba. Suka sake, suka zuba buntun shinkafa da karan dawa a kai. Yanzu ban ruwan da ake yi safe da yamma ya koma sau ɗaya.

A nan dodon koɗi ne ke ɓuya a ƙarƙashi yana cinye mini ganye. A gida kuwa gara ce, don tana son takarda. Na ce su ja shimfiɗar nesa da katangar ƙasa da turken rumfa. Ƙanwata, in kin kalli wannan, ɗaga gefe ɗaya ranar Asabar ki ɗauko mana hoto mu gani.