Tambarin Marvel ne a kai, amma ba su suka yi fim ɗin ba

[Jan tambarin Marvel yana buɗewa]

Tsaya nan. Wannan jan tambarin shi ke haddasa gardama a shagunan masu tura fina-finai a Birnin Kebbi. Mutum zai biya a tura masa Madame Web, ya je gida ya kalla, washegari ya dawo yana faɗa: "Marvel sun lalace!" Yi haƙuri ɗan'uwa, ka kama wanda ba shi da laifi. Kamfanin Sony ne ya yi fim ɗin.

A shekarun 1990 bashi ya yi wa Marvel katutu, har ya durƙushe a 1996. Lokacin sana'arsa buga littattafan zane ce, ba ya shirya fim da kansa. Don neman kuɗi ya riƙa sayar da izinin yin fim da jaruman littattafansa. X-Men suka tafi kamfanin Fox, Spider-Man ya tafi Sony a 1999.

To, ga inda ake ruɗewa, ku saurara da kyau. Ba jarumin aka sayar ba, izinin yin fim da shi aka sayar. Kamar ka ba wani fadamarka ne: gonar taka ce, sunanka ne a kai, amma shi ke noma, shi ke kwashe shinkafar. Sai dai da sharaɗi. In ya bar ta shekaru bai noma ba, ta dawo hannunka. Haka Daredevil ya koma wa Marvel a 2012, don Fox ba su fara sabon fim a kan lokaci ba.

Kun ga ke nan kamfani zai iya shirya fim ba don yana da labari mai daɗi ba, sai don wa'adi ya matso. Wani kamfanin Jamus, Constantin, ya taɓa yin Fantastic Four da kusan dala miliyan 1 kacal don kada izininsa ya ƙare. An shirya fitar da shi a 1994, amma har yau bai shiga sinima ba.

[Venom, Morbius, Kraven]

Izinin Spider-Man kuma ya haɗa da maƙiyansa da makusantansa. Venom ya kawo sama da dala miliyan 800 a 2018, sai Sony suka ga hanya. Morbius a 2022, Madame Web da Kraven a 2024, duk labarin mutanen Spider-Man, shi kuwa gogan ba ya cikin wasan. Morbius ma ya sha zolaya a intanet, Sony suka ɗauka so ne, suka mayar da shi sinima, ya sake faɗuwa. Wannan kam ni har yau dariya yake ba ni.

Fina-finan Spider-Man da ɗan wasa Tom Holland ya fito fa? Yarjejeniya aka yi a 2015, Marvel Studios, wato sashen shirya fim na Marvel, su shirya, Sony su rarraba.

[Tambarai biyu gefe da gefe]

Ku duba nan. In kun ga Marvel Studios, nasu ne. In Marvel kawai kuka gani da ɗan ƙaramin rubutu a samansa, na masu izini ne.

Kada kuma ku ce na wanke su. Ant-Man na 2023 su suka yi shi da hannunsu, kuma ni dai da kyar na kai ƙarshensa.