Ku Ƙyale Dan Campbell, Ba Shi Ya Saki Ƙwallo Ba

Masu sauraro, bayan daren Lahadi 28 ga Janairu, 2024, da San Francisco 49ers ta doke Detroit Lions da maki 34 da 31 ta karɓi tikitin zuwa Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka ta NFL, magana ɗaya aka yi ta nanatawa a gidajen talabijin na Amurka da shafukan sada zumunta. Wai kocin Detroit, Dan Campbell, shi ya kashe ƙungiyarsa da hannunsa. Wai ɗan caca ne. Na yi ta saurare har na gaji, kuma gaskiya abin ya ɓata mini rai, domin wannan ihu ne bayan hari.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, ga yadda abin yake. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci gaba da yadi 10. In uku sun wuce ba ta kai ba, sai koci ya zaɓa: ko a buga ƙwallon tsakanin sanduna a sami maki 3 in an yi kusa, ko a doka shi can nesa a bar wa abokan karawa, ko kuwa a sake gwadawa a yunƙuri na huɗu, in an kasa a rasa ƙwallon a nan take. Yawancin masu horarwa bugu suke zaɓa. Campbell gwadawa yake yi, kuma haka yake tun ranar da ya karɓi aiki a 2021.

A wasan San Francisco ya gwada sau biyu bayan hutun rabin lokaci, sau biyun bai yi nasara ba. Na farko Detroit na gaba da maki 24 da 10, saura yadi 2. Na biyu tana baya da 27 da 24, saura yadi 3. Iyakar laifin da ake ɗora masa ke nan.

To, ina masu wannan magana suke ranar 7 ga Satumba, 2023? A wasan buɗe kaka, a gidan Kansas City Chiefs masu riƙe da kofi, Detroit na yadi 17 kacal daga gidanta, kowa na jiran a doka ƙwallo nesa, sai Campbell ya sa aka yi yaudara aka ruga da shi. Aka wuce, aka je aka ci maki, aka tashi wasa Detroit ta yi nasara 21 da 20. Babu wanda ya kira shi ɗan caca a ranar. Ina suke a watan Nuwamba a Los Angeles, lokacin da ake kunnen doki 38 da 38 da Chargers, saura ƙasa da minti biyu, ya ƙi bugun maki 3 da wuri, mai jefa ƙwallo na Detroit, Jared Goff, ya jefa wa Sam LaPorta a yunƙuri na huɗu, aka cinye lokacin, sannan aka buga aka ci 41 da 38? A ranar gwarzo suka kira shi. Halin mutumin bai sauya ba daga Satumba zuwa Janairu. Abin da ya sauya shi ne wannan karon ƙwallo ya faɗi ƙasa.

Kuma a tuna wace ƙungiya ake magana a kanta. Rabon Detroit da zama zakaran ƙasa tun 1957, kuma ba ta taɓa taka filin Super Bowl ba. Ita ce ta buga wasa 16 a 2008 ta sha kashi a duka 16. Kakar farko ta Campbell wasa 3 kawai ta ci. A 2022 ta fara da nasara 1 cikin wasa 7, ta ƙare da nasara 9 da rashin nasara 8. A kakar 2023 da muke bitarta ta ci 12 ta faɗi 5, ta zama ta ɗaya a rukuninta karo na farko tun 1993. Ta doke Los Angeles Rams 24 da 23 a filin Ford Field, nasararta ta farko a zagayen fitar da gwani cikin shekara 32, kuma a kan mai jefa ƙwallo na Rams, Matthew Stafford, mutumin da aka yi musayarsa da Goff a lokacin da mutane da yawa ke ganin Goff ya gama yayi. Mako ɗaya bayan nan ta fitar da Tampa Bay 31 da 23. Tsoro ne ya kawo ta nan? Taka-tsantsan ne? Ƙarfin halin da ake zagi yau, shi ne ya fito da ita daga rami.

Yanzu mu koma wasan kansa, tunda masu suka ba sa son komawa. A yunƙurin farko da ake ta magana, Goff ya jefa ƙwallo, ya sami hannun Josh Reynolds, Reynolds ya sake shi. Dabarar ta yi aiki, mutum ya fito fili, ƙwallo ya iso. Campbell ne zai shiga fili ya cafe masa? Jim kaɗan mai jefa ƙwallo na San Francisco, Brock Purdy, ya wurga wani dogon ƙwallo da ya kamata ɗan bayan Detroit, Kindle Vildor, ya kama, sai ya dake shi a hular kwano ya yi sama, Brandon Aiyuk na San Francisco ya tsince shi, yadi 51. Da Detroit ta sake karɓar ƙwallo, a taɓawar farko ya kuɓuce wa ɗan wasanta Jahmyr Gibbs, San Francisco ta karɓe. Sannan Reynolds ya sake sakin wani a yunƙuri na uku. Cikin 'yan mintoci tazarar maki 17 da Detroit ta tafi hutun rabin lokaci da ita ta narke, San Francisco ta jera maki 27 ba tare da Detroit ta mayar da ko ɗaya ba. Masu tsaron bayan Detroit, waɗanda duk kakar nan dogayen jifa ke ba su wahala, sun kasa tare komai. A cikin duk wannan, wai bugu biyu ne suka kayar da ƙungiya?

Suna cewa da ya buga da ya sami maki 6, da an ci wasa. Wa ya ba su tabbacin? Bugun biyu duk daga yadi 45 zuwa sama ne, a filin da ba shi da rufi, kuma mai bugun, Michael Badgley, sai a watan Disamba aka ba shi aikin bayan an ajiye Riley Patterson. Suna lissafa maki 6 kamar kuɗin da ke aljihu. Kuma sun manta cewa daf da hutun rabin lokaci, saura 'yan yaduka a shiga gida, wannan Campbell ɗin ne ya sa aka buga maki 3. Mutumin yana auna yanayi, ba rufe ido yake yi ba.

Ba na cewa bai yi kuskure ba. A yunƙuri na biyun, da ana binsa maki 3 kuma saura minti bakwai da ɗoriya, ni kaina na ɗan yi jim, kuma wanda ya ce a rama tukuna ba zan kira shi jahili ba. Kuskuren da na tabbata kuskure ne ya zo a ƙarshe: ana bin Detroit maki 10, tana bakin gida, aka ba David Montgomery ƙwallo ya ruga maimakon a jefa, aka tare shi, dole aka ƙona ɗaya daga cikin damar tsayar da agogo guda uku. Wannan ya sa ko da Jameson Williams ya ci wa Detroit maki, kusan babu sauran hanyar sake karɓar ƙwallo da isasshen lokaci. In za a yi masa faɗa, a nan za a yi. Amma masu suka ba wannan suke so ba, so suke ya zama wani mutum daban.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kocin da ya shekara uku yana gaya wa yaransa cewa ya yarda za su iya cin yadi 2, ba zai zo wasan da ya fi kowane girma ya nuna musu cewa yardar ta ƙare ba. Da ya yi haka, da 'yan wasansa irin su Goff da Amon-Ra St. Brown da Penei Sewell ne za su fara ganewa. Bayan wasa ya fito ya ce bai yi nadamar shawarar ba, ya kuma gaya wa 'yan wasansa gaskiya mai ɗaci, cewa mai yiwuwa wannan ce damarsu ɗaya tilo. Aikin da ke gaban manajan ƙungiyar, Brad Holmes, bayan wannan wasa a 2024 a bayyane yake: ya nemo masu tsaron baya da za su iya tare dogon jifa, ya samo wa ɗan tsaron Detroit Aidan Hutchinson abokin farautar mai jefa ƙwallo, ya kawo mai bugun da za a iya dogara da shi daga yadi 50. Campbell kuwa a bar shi yadda yake.