Muryar Jita Tana Cikin Sifika

Assalamu alaikum. Ku matso kusa, 'yan'uwa, abin yau sai an gani da ido.

Wannan akwatin da ke gabana sifika biyu ne a cikinsa, kowace inci 12. Sau da yawa mai kaɗa jita zai zo ya ce amfilifayarsa, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti ta tura wa sifika, ta gaji, zai sayi sabuwa. Nakan ce masa ya dakata tukuna. Sautin da ke isa kunne, takardar sifika ce ta kaɗa iska ta kawo shi, kuma kusoshi huɗu ne kawai suke riƙe da ita.

Mu ɗauki sifika iri biyu daga kamfanin Celestion na Ingila. Greenback wat 25 take ɗauka. Muryarta na da taushi, da an matsa mata sai ta fara dushewa, kuma wannan dushewar ce makaɗa suka yi ta nema a akwatunan kamfanin Marshall, mai ƙera amfilifaya, tun shekarun 1960. Ita kuwa Vintage 30, da ta fito a 1986, kada sunanta ya ruɗe ku, wat 60 take ɗauka. Kaifi gare ta, tana ratsa ganguna ta fito fili.

Amma fa kunne yana da son kai: wadda ta fi ƙara ita yake cewa ta fi daɗi. Vintage 30 ta ɗara Greenback ƙara ko da wutar ɗaya ce. Don haka sai ka daidaita ƙarar tukuna, ka kaɗa abu iri ɗaya, ka naɗa da makirufo a wuri ɗaya, sannan ka saurara. Sabuwar sifika ma da tauri take zuwa, sai ta sha aiki take sakewa, kada ka yanke mata hukunci ranar farko.

To, ga inda ake asara, don Allah ku rubuta. Duba om, wato ma'aunin yadda sifika ke turje wa wuta, kafin ka taɓa waya. Biyu masu om 8, in ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wato + da +, − da −, om 4 za su ba ka, in ka jera su ɗaya bayan ɗaya, wato − ɗin wannan zuwa + ɗin waccan, 16. Dole ya dace da abin da ke rubuce a bayan amfilifaya. Amfilifaya mai bawul kuwa, wato mai ƙwayayen gilashi a cikinta, kada ka kuskura ka kaɗa ta babu sifika, taransifomarta za ta iya ƙonewa. In ka haɗa mai wat 25 da mai 60 masu om ɗaya, wat 50 kake da shi, ba 85 ba, domin wuta rabon daidai take yi, ƙaramar ce ke fara mutuwa.

Malam, miƙo min batirin nan mai bolt 9. Ku dubi takardar. Na taɓa shi a wayoyin sifika, ta yo waje. Ɗayar ma dole ta yo waje. In ɗaya ta fito ɗaya ta shige, kauri ya tafi, sauti ya zama kamar na gwangwani. Sai ka juya wayoyin ɗaya daga ciki, ka sake taɓawa.