Darasi: Gyaran Gilashin Ƙofar Mota Mai Zarce Iyakarsa Wajen Rufewa

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Motar da ke gabanmu yau tana da matsala a gilashin ƙofar direba, domin idan aka ja makunni ya tashi sama, ba ya tsayawa inda ya kamata, sai ya ci gaba da turawa har ya murɗe robar da ke saman ƙofa. Ku duba nan, za ku ga yadda robar ta tattare a wannan kusurwa. A motocin da gilashinsu ba shi da firam a sama abin ya fi muni, domin bakin gilashin yana bugun jikin mota duk lokacin da aka rufe ƙofa, kuma irin wannan gilashi idan ya fashe wargajewa yake yi ƙanana-ƙanana gaba ɗaya.

Da yawa sukan yi gaggawar sayen sabon injin gilashi, alhali kuwa injin da ke da ƙarfin tura gilashi har ya wuce gona da iri lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ɓata shi ne abin da ke tsayar da shi. A tsofaffin motoci, wani ɗan ƙarfe ko roba ne a cikin ƙofa yake tare gilashin idan ya kai sama. A motocin da gilashi ke rufe kansa da taɓawa ɗaya kuwa, akwai ƙaramar kwamfuta da ke ƙirga juyawar injin, ta haka take sanin inda sama take da inda ƙasa take, kuma takan manta wannan lissafi idan aka cire baturi ko ya mutu.

Saboda haka kafin a kwance ko da noti ɗaya, a fara da sake koya mata. A kunna mota, a rufe ƙofa, a danna makunni gilashin ya sauka har ƙasa, a ci gaba da riƙe shi na kimanin daƙiƙa 5, sannan a ja shi ya tashi har sama a sake riƙewa haka. Tsarin ya ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a duba littafin motar. Mun gwada a wannan motar har sau biyu ba ta canza ba, wato ke nan laifin yana cikin ƙofa.

Da farko a sauke gilashin zuwa rabi, sannan a cire wayar baturi ta ɓangaren da ke da alamar ragewa, a jira 'yan mintuna, saboda wasu motoci suna da jakar iska ko na'urarta a cikin ƙofa. A kwance sukurorin da ke ɓoye a bayan hannun buɗewa da wurin ɗora hannu, a ɓamɓare murfin ƙofar na ciki a hankali daga ƙasa. A bayansa akwai leda da aka manna da baƙin danƙo, wadda ke hana ruwan sama shiga ciki. A ɗaga ta ba tare da an yaga ba.

Yanzu ku matso da ido. Wannan motar tana amfani da igiyar ƙarfe ce wadda ke jan wani maɗauki a kan dogo, gilashin kuma yana zaune a cikin maɗaukin an ɗaure shi da noti biyu, galibi masu ɗaukar sifana mai lamba 10. Akwai wasu motocin da nasu yake da hannuwa biyu masu kama da almakashi, amma abin da ake nema ɗaya ne. A can saman dogon ya kamata a tarar da matarin, wato ɗan ƙarfen nan ko robar da ke tare gilashi idan ya kai sama, to ga namu nan: notinsa ya sassauta, ya zame sama, kuma ga tabon tsohon mazauninsa a jikin fenti, wani da'ira mai haske da ƙura ba ta taɓa ba. Wannan tabo ya fi kowane ma'auni, domin a nan kamfani ya ɗaure shi tun asali. Idan matarin ya karye ko robarsa ta cinye, sai an sa sabo. Ban yarda da cusa katako ko naɗa salatif ba, domin zafin rana da girgiza za su fitar da shi cikin 'yan makonni.

Idan kun tarar matarin yana daidai, to ku duba ko gilashin ne ya zame sama a cikin maɗaukinsa. Kafin ku sassauta kowane noti, ku zagaye shi da alƙalami domin ku san inda kuka taso, kuma kada gyaran ya wuce milimita 1 ko 2 a kowane gwaji. Wajen ɗaure notin da ke riƙe gilashi a sassauta hannu, domin matsi mai yawa kan fasa shi.

Mun mayar da matarin kan tabonsa, mun haɗa baturi da makunni ba tare da mun rufe murfin ba, kuma ina jan hankalinku da ku fitar da hannu daga cikin ƙofa kafin a danna, domin wannan ɗan injin mai amfani da wuta volt 12 yana iya karya yatsa. Ga shi ya tashi ya tsaya cak a cikin robar. Domin tabbatarwa, a sa guntun takarda a bakin gilashin a rufe, sannan a ja: idan ta fito da ɗan ƙyar to zaman ya yi, idan ta zare babu wata turjiya to iska da ruwa za su shiga, sai a ƙara ɗaga matarin kaɗan.

Abin da ya rage shi ne a fesa man silikon a cikin robar da gilashi ke bi, ba man inji ko giris ba, waɗanda ke kumbura roba. Sai a manna ledar yadda take, a mayar da murfin, sannan a maimaita koya wa kwamfutar sama da ƙasa, tunda mun cire baturi ta sake mantawa.