Ku fara sayen makirufo kafin kyamara

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Bauchin Yakubu ina gaisuwa. Ku yi haƙuri da rawar murya, sanyin Fabrairu ne a nan Clermont-Ferrand, tsakiyar Faransa. Dogon layin nan da kuke gani a bayana, masu jiran shiga kallon gajerun finafinai ne. Tun 1979 aka faro wannan biki, duk shekara ake yi.

Wani ɗalibi daga Yelwa ya aiko min saƙo: "Yaya, wace kyamara zan saya?" Ƙanena, ajiye maganar kyamara tukuna, wayar hannunka ta isa. Sauti ne ke kashe mana aiki.

Je ka Kasuwar Wunti ka ɗauki mutum biyu suna ciniki. Janareta na ruri, masu keke na ta ham, mai rake na kiran ciniki. Ka koma gida ka kunna, sai ka ga baki na motsi, magana babu. Masu tantance finafinan da za a nuna a irin wannan biki kuwa dubbai ke gabansu. Hoto in ya ɗan yi duhu sai su ce salo ne, amma muryar da ba ta fita, wallahi ba sa ƙarasa kallo.

Nemi ɗan makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Sai dai ka kula da sabuwar shadda mai sitaci, ɗan wasa na motsawa za ta riƙa ƙara kamar ana murza takarda. Ni tsohuwar riga nake sa su sa. In kuma wurin ya gagara, ku sake ɗaukar muryar da tsakar dare, a kashe fanka, a jingina katifa da bango.

Batun kuɗi fa? Gajeren fim ba ya ciyar da mai shi, gaskiya ke nan. Rubutun talla da fassarar finafinai ne ke biya min kuɗin haya. YouTube ba zai fara ba ka kason talla ba sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Bukukuwa da yawa a FilmFreeway, shafin intanet da ake tura wa bukukuwa finafinai ta cikinsa, da dala ake biyan kuɗin shiga, amma rubuta musu ka ce daga Najeriya kake, wasu kan yafe. Kada kuma ka manta da FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu ta Burkina Faso, ya fi kusa da mu.

To, ga shi an buɗe ƙofa, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki. A gaishe min da masu masa, sai na fito.